Amsa kan tasirin hargitsi a tsarin Ising

Ɗan'uwa, ka tambaya ko cusa baƙin ƙwayoyin zarra cikin maganaɗisu yana kawar da sauyin yanayinsa baki ɗaya, wato sauyin da yake yi daga mai maganaɗisu zuwa marar maganaɗisu idan zafi ya kai wata iyaka. Amsar ta danganta da irin hargitsin da aka shigar.

A tsarin Ising, wato sauƙaƙƙen tsarin lissafi da ake kwatanta maganaɗisu da shi, kowace ƙwaya tamkar allura ce mai kallon sama ko ƙasa, tana son dacewa da maƙwabtanta, zafi kuma yana wargaza wannan jituwa. Shi ya sa ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa a wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius, zafin da ko ranar Afrilu ta nan Sakkwato ba ta kama ƙafarsa. Idan aka cire ƙwayoyi barkatai aka maye gurbinsu da baƙi marasa maganaɗisu, wannan iyakar zafi tana sauka har ta kai sifili. A allo mai gidaje murabba'i, hakan na faruwa idan ragowar ƙwayoyin suka gaza kusan kashi 59 cikin ɗari, domin sun rarrabu zuwa ƙananan tsibirai marasa haɗi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin ita kanta ta cakuɗe. Zana alwatika a takarda, ka sa allura a kowace kusurwa, kowace tana son saɓa wa sauran biyun: da ka daidaita biyu, ta ukun ba ta da mafita. A garwayen jan ƙarfe da manganis, irin wannan takura ce ke sa alluran su daskare ba bisa tsari ba idan aka sanyaya. Masana kimiyyar lissafi Edwards da Anderson suka tsara lissafin wannan daskarewa a 1975, kuma aikin masanin kimiyya Giorgio Parisi kan wannan matsala na cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 2021.