Tambayi Likita: Hajiyarmu ta kasa rabuwa da Lexotan

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah mahaifiyata ce, tun rasuwar babanmu barci ya ƙaurace mata ga kuma hawan jini, muka kai ta asibiti aka rubuta mata Lexotan, to yau shekara huɗu ke nan kullum sai ta sha, asibitin ma ta daina komawa, ƙanena ke siyo mata a kemis ɗin bayan layi. Kwanaki na ɓoye maganin sai ga ta da karkarwa da zufa da faɗuwar gaba, kwana ta yi tana zagaye ɗaki har 'yan'uwa suka fara cewa iska ce. In ci gaba da ɓoyewa ne har ta saba ko yaya zan yi?
Wata 'yar'uwa daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya ba Hajiya lafiya. Ki mayar mata da maganinta yau ɗin nan, kar ki sake ɓoyewa. Abin da kika gani ba iska ba ce, jikinta ne ya saba, kuma wanda ya yi shekaru yana shan irin wannan in aka yanke masa lokaci ɗaya yana iya faɗuwa ya kama jijjiga irin ta farfaɗiya, wani ma har ya rasa ransa.

Lexotan ɗin nan sunansa na asali bromazepam, danginsu ɗaya da diazepam wato Valium da yara ke kira D5, da Ativan da Xanax da Rohypnol, duka ana ce musu benzodiyazepin. Aikinsu su ƙara wa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi ne mai taka wa ƙwaƙwalwa burki, shi ya sa da an sha sai jiki ya saki barci ya zo. To in aka jima ana sha ƙwaƙwalwar sai ta daidaita kanta da maganin, ƙwaya ɗaya ta daina yi sai biyu, ranar da babu kuwa komai ya rikice, kuma wannan sabon yana iya kama mutum cikin 'yan makonni ko da bai taɓa wuce adadin da likita ya ce ba. Don haka kar kowa ya kalli Hajiya a matsayin 'yar ƙwaya.

Gaskiya laifin namu ne mu ma'aikatan lafiya, an saba da mutum ya zo da hawan jini ko ciwon kai ko ya ce tunani ya yi masa yawa sai a haɗa masa da Lexotan a takarda ba a gaya masa ranar dainawa ba, alhali ba maganin hawan jini ba ne, daga nan mai kemis ya karɓi ragamar yana bayarwa ba takardar likita duk da doka ta hana. Turawa ma sun sha wannan wahalar, kamfanin Roche ya fito da Valium a 1963, a 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya sama da biliyan 2 a Amurka, sai da mutane suka kasa dainawa aka farga. A Ingila tun 1988 aka ce kar a wuce sati biyu zuwa huɗu, Amurka kuma a 2020 ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani kan sabo a takardar duk magungunan wannan dangin.

Ga tsofaffi kuma abin ya fi muni, yana kawo mantuwa da jiri, ta tashi alwalar asuba ta zame a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, a ce tsufa ne.

Abin yi shi ne ki kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai su nan asibitin koyarwa na ABU ko asibitin Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Yawanci a hankali ake ragewa, kamar kashi ɗaya cikin goma duk bayan sati biyu ko fiye, wani lokaci a fara mayar da mutum kan diazepam don shi yana daɗewa a jini, saukowar ta fi sauƙi. Abin kan ɗau watanni, wani har shekara, in jiki ya yi gardama a dakata a inda ake sannan a ci gaba. A duba ma ko ciwon damuwa ne ya kama ta tun rasuwar, don wannan maganinsa daban.

Ki tafi da kwalin maganin da duk wani abu da take sha, musamman in akwai tramadol ko maganin tari mai kodin, don haɗa su da Lexotan na iya danne numfashi mutum yana cikin barci. Shi kuma ƙanen naki kar ya ƙara mata ko rabin ƙwaya a kan wanda take sha yanzu kafin ku ga likitan.