Ina wuni kan titi, haƙorina ya fara kogo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direban Adaidaita Sahu ne a Kano. Tun bayan asuba nake fita, sai bayan isha nake komawa gida. Shayi da lemon kwalba da minti ne ke riƙe ni. Yanzu turmin haƙorina ya fara kogo, ruwan sanyi ma ba na iya sha ta wajen. Ba ni da lokacin goge baki da rana, yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Mintin nan ya fi damuna a kan shayin. Babu wata tsutsa da ke cin haƙori kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikinsa suke cin sukari su fitar da asid, shi kuma ya riƙa zaizaye farin ɓawon haƙorin. Bayan kowane zaƙi, yawu na buƙatar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ya wanke wannan asid ɗin. To, wanda ke jefa minti a kunci daga Kofar Ruwa har Sabon Gari, ya ƙare ya jefa wani, yaushe yawun zai samu sarari? Gara ka shanye lemonka lokacin cin abincin rana da ka ajiye shi gefen kujera kana kurɓa har la'asar. Kwalba ɗaya mai 35cl tana ɗauke da kusan cokalin shayi tara na sukari.

Duk abin da ka ci, bi shi da ruwan leda, ka kurkure sosai. Idan za ka yi alwala, sa asuwaki a aljihu ka goga har turamen baya, sau biyar a rana ba ƙaramin abu ba ne. In bakin na son motsi, gyaɗa ko cingam marar sukari sun fi minti nesa ba kusa ba. Mai shayi kuma ka ce masa cokali ɗaya.

Goge baki da makilin mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa haƙori, safe da dare, na tsawon minti biyu. Na dare shi ne wanda ba a tsallakewa, domin yawu na raguwa cikin barci. Ka tofar da kumfar kawai, kada ka bi da ruwa.

Kogon da ya riga ya buɗe kuwa, goga ba ta rufe shi. Je asibitin haƙori a cike maka tun bai kai jijiya ba, kada ka tsaya cusa masa kanumfari ko auduga da turare.