Amsoshin Tambayoyinku: Magini, Rodi da Ranar Zuba Kankare

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan gini da gyaran gida. Na zaɓi bakwai, sauran kuma su yi haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya rasu ya bar min fili, na yi shekara shida ina tari don in gina wa yarana ɗaki uku. Ban san komai a kan gini ba, ko barci ba na iyawa don tsoron a cuce ni. Yaya zan gane magini na ƙwarai?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan mai gidan, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki. Wadda ta iya riƙe kuɗi shekara shida ba ta taɓa su ba, riƙe magini ba zai gagare ta ba.

Kada ki zaɓi magini da daɗin bakinsa ko da hotunan wayarsa, domin hoto ba ya nuna yoyo. Ki ce ya kai ki gidan da ya gina shekara uku ko huɗu da suka wuce, wanda ya sha damina ya sha rani. Sabon gini ko na wane ne kyau gare shi. A tsohon za ki duba ƙasan bango ko yana shan laima, ki duba saman ƙofofi da tagogi ko sun tsage, ki buɗe ƙofa ki ji ko tana gogar ƙasa. Sannan ki koma wata rana ke kaɗai, ba tare da maginin ba, ki tambayi masu gidan: ya gama a lokacin da ya ce? Sau nawa ya dawo da zancen ƙarin kuɗi? Da aka kira shi gyara bayan an biya shi, ya zo?

Ki karɓi ƙiyasi daga mutum uku, a rubuce, kowane abu da layinsa: buhun siminti nawa, bulo nawa, rodi nawa kuma mai kaurin nawa, kuɗin aiki nawa. Wanda ya ba ki jimla ɗaya dunƙule, ki ce ya warware. In biyu sun yi kusa da juna, na ukun ya faɗo ƙasa sosai, kada ki yi murna. Akwai abin da ya tsallake, kuma ke za ki biya shi a tsakiyar aiki, lokacin da ba ki da damar ja da baya.

Biya kuwa mataki-mataki: tushe, zuwa linta (kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga), rufi, yaɓe. A gama, ki gani, ki biya. Ki riƙe kamar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aikinsa sai bayan wata shida, in ba abin da ya ɓaci ki cika masa. Wannan tsari ne sananne a harkar kwangila, magini na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Ki kuma ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗinki ki ɓoye, kada ko maginin ya san da su. Gini ba ya ƙarewa a kan lissafin farko.

Tambaya: Malam, maginin ƙanin matata ne. Ai ba sai mun yi rubutu ba ko? Ina jin nauyi.

Amsa: Shi ne ma ya fi buƙatar rubutun. In kun saɓa da bare, ku rabu. In kun saɓa da suruki, rigimar har cikin ɗakinka za ta biyo ka. Ku rubuta abin da jingar ta ƙunsa, wa zai sayi kaya, ranar gamawa, da yadda za a yi in ka canza shawara a tsakiya. Shaidu biyu su sa hannu.

Tambaya: Injiniya ya rubuta rodi mai milimita 12 a dekin, wato rufin kankare, maginina ya ce mai 10 ma ya isa, injiniyoyi tsoro ne da su. In na rage, rarar za ta saya min tayil mai kyau. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, gyara zama, don a kan wannan ba na gajarta magana.

Kai a idonka bambancin milimita biyu ne kacal. Amma ƙarfin rodi a kaurin cikinsa yake, kuma lissafin kauri ninki ake yi: 12 sau 12 ya ba da 144, 10 sau 10 ya ba da 100. Ka ga ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen da ya kamata ya riƙe rufin da iyalinka za su kwana a ƙarƙashinsa. Ka san nauyin abin? Kankare mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya yana kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 a kan ɗaki mai mita 4 sau 4 ya doshi tan shida, tun ba a ɗora masa bango ko tankin ruwa ba. Kankare gwani ne wajen jure danna, amma rago ne wajen jure ja. Ƙasan dekin kuwa ja yake sha, kuma rodin ne ke ɗauke masa wannan. Shi ya sa ake sa shi.

Abin da ke ƙona min rai da masu gini ke nan. Mutum zai yi sati yana zagaye don zaɓen kalar tayil da fitilar falo, ya kira matarsa, ya kira abokai, amma ranar da za a binne ƙarfe a cikin kankare yana can wani wuri, ya bar wa yaron magini. Tayil in bai yi ba, gobe a ɓamɓare. Rodi in ya shiga, ya shiga ke nan har gidan ya rushe.

Ko ka sayi mai 12 ɗin ma, tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai jabu. Za a rubuta 12 a takarda, a sauke maka mai 11 ko ƙasa da haka, kuma mai 11 ya riga ya rasa kashi 16 cikin ɗari. Ido ba zai gane ba, sikeli ne zai tona asiri. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, nauyinsa kamar kilo 10.7 ne. Mai 10 kamar kilo 7.4, mai 16 kuma ya kusa kilo 19. Ka zaro uku daga tsakiyar ɗauri, ba wanda mai kaya ya miƙo maka ba, ka auna tsawo da tef, ka ɗora a sikeli. Ka sa a lanƙwasa ɗaya a gabanka, in ya tsage a gwiwar lanƙwasar, a mayar masa da kayansa.

Sai ranar zubi. Ranar nan ko jana'iza ce ka aika wakili, kai ka tsaya a wurin. Kafin a zuba komai, injiniyan ya zo ya ƙirga rodin da tazarar da ke tsakaninsu. A tabbata an ɗaga su daga katako da 'yan guntayen kankare, kamar santimita biyu zuwa biyu da rabi a dekin, fiye da haka a tushe. Na taɓa hawa wani dekin ana gab da zubi, na tarar rodin kwance male-male a kan katako, leburori sun tattake shi da baro. Irin wannan in an cire katako sai ka hango ƙarfe yana leƙe daga ƙasa. Iska da danshi su same shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Bayan 'yan shekaru sai gutsattsarin silin su fara faɗo wa mutane a ka, a ce aikin aljanu ne.

Sai ruwa, wanda shi ne ɓarawon da ba a zargi. Leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗiba da zubawa, kuma ban ga laifinsu ba, aikin da nauyi. Amma buhun siminti mai kilo 50 ruwan da yake so bai wuce kamar lita 25 ba, har da wanda ke jikin yashi. Duk abin da ya ƙaru daga baya ƙafewa zai yi ya bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfin ya ragu. In ka ga an tsoma tiyo cikin kwaɓi ana hira, ka tsayar da aikin. Awo ma a yi shi da abu ɗaya: in an ce siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, to da ma'auni ɗaya ake nufi, ba siminti a shafe yashi a tule ba. Yashin kansa ka gwada shi: zuba rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye zuwa gobe. Laka za ta kwanta a saman yashin. In ta yi kauri, siminti ba zai kama shi da kyau ba.

Bayan zubi kuma mutane suna cewa a bar shi ya bushe. Kankare ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke ci gaba a cikinsa, in ruwan ya ƙare da wuri aikin ya tsaya. Don haka a shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna in rana ta yi zafi. A kwana bakwai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai ya samu, cikakken ƙarfin da injiniya ya lissafa sai kwana 28. Magini zai zo a kwana na biyar ya ce yana son sandunan tokara don wani aikin. Ka ce a'a, sai injiniya ya ba da izini.

Tayil ɗin ka sayi mai araha. In Allah ya hore, ka canza.

Tambaya: Gidana na ƙasa ne, shekararsa goma sha biyar. Ina so in ɗora bene. Magini ya bubbuga bangon ya ce zai ɗauka.

Amsa: Ya bubbuga bango? Kankana ce? Nauyin bene a tushe yake sauka, tushen kuma yana ƙarƙashin ƙasa inda hannunsa bai kai ba. Gidan da aka gina don ya ɗauki kwano da katako, ba wanda ya lissafa masa dekin da bango na biyu. Ka tuna ginin Rana Plaza a Bangaladash, wanda ya rufta ranar 24 ga Afrilu, 2013, ya kashe sama da mutum 1,100. An ƙara masa hawa ba da izini ba, an ɗora manyan janareto a sama, kuma kwana ɗaya kafin ya faɗi an ga tsagewa a jikinsa, aka ce ma'aikata su koma ciki. Ka nemo injiniyan gini mai rajista, a haƙa gefen tushen a ga faɗinsa da zurfinsa da irin ƙasar, ka nemi izinin hukumar da ke kula da gine-gine. In ya ce sai an kafa sababbin ginshiƙai daga ƙasa, ko ka kafa ko ka haƙura.

Tambaya: Baba, mun tare a sabon gidanmu wata huɗu ke nan, sai ga tsaga a bangon ɗakin yara. Na kwashe su zuwa falo. Gidan zai faɗi ne?

Amsa: 'Yata, kin kyauta da kika sa ido, amma da wuya abin ya kai inda kike tsoro. Sabon yaɓe yakan ɗan tsuke in yana bushewa, sai ya yi siraran layuka kamar gashi, wani lokaci kamar saƙar gizo. Wannan a fata ya tsaya, mai fenti zai rufe shi. Wadda ake tsoro ita ce tsagar da ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta ɓullo ciki da waje a wuri ɗaya, ko ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa. In ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, wannan ma alama ce ƙasa tana motsi.

Ga abin da za ki yi yau. Ki ja layi da fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ki rubuta kwanan wata, ki ɗauki hoto da tsabar kuɗi a gefenta. Ki duba duk sati. In ta wuce layin, ko faɗinta ya kai milimita uku, a kira injiniya, ba maginin da ya yi aikin ba, don shi cewa zai yi ba komai. Ki kuma zagaya bayan ɗakin ki ga ko ruwan rufi ko na banɗaki yana taruwa a gindin bangon. In tsagar a jikin ginshiƙi take ko ƙasan dekin, kada ki jira satin, a kira injiniyan gobe, yaran su ci gaba da kwana a falo.

Tambaya: Siminti kullum tashi yake. In sayi buhu ɗari biyu in ajiye, tunda sai baɗi zan fara?

Amsa: Kada ka soma. Siminti yana zuƙar danshin iska ko a cikin buhu, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara ja baya, kafin baɗi ka tara duwatsu. In kana tsoron tashin kaya, sayi abin da ba ya lalacewa, kamar tsakuwa da kwanon rufi, ko ka yi tushen yanzu ka bar shi. Simintin da za ka yi aiki da shi nan kusa, a jera shi a kan katako, nesa da bango, a fara da wanda ya riga zuwa. In ka murza dunƙule da yatsa ya ƙi fashewa, kada buhun nan ya shiga dekin.

Tambaya: Ina so in fasa bangon da ke tsakanin falo da ɗakin cin abinci don wurin ya yi faɗi. Wane fenti ne zai fi ƙara masa haske?

Amsa: Hajiya, kin tsallake tambayar kin yi ta fenti. Me ke zaune a kan bangon nan? In dekin ne, ko katakon rufi, ko wani bango a sama, to shi ke ɗauke da su, kuma garin gyaran gira za a rasa ido. A leƙa cikin silin a gani kafin a ɗaga guduma, a kuma gano inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi. In yana ɗauke da nauyi, sai an tokare sama, an zuba bim, wato gadar kankare mai rodi da za ta ɗauki nauyin, sannan a fasa. Fenti kuwa, fari.