Baffa, ba duba nake yi ba

Baffa, barka da war haka. Saƙon muryar da ka turo ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce an gaya maka aikina shi ne faɗin abin da kogi zai yi baɗi, kana tambaya ko zaman Sudan ne ya mai da mu 'yan duba. Sai ka ƙara da wadda ta fi yi mini ciwo, wai mu nan sunan Hausawa kawai ya rage mana.

Gaibu na Allah ne, Baffa. Ni lissafi nake yi. Ana tara ma'aunin ruwa na shekaru masu yawa, a gina masa tsari a kwamfuta, a tambaya: madatsa mai girman kaza, sau nawa za ta gaza cikin shekara ɗari? Amsar ba ta faɗin ranar ambaliya. Girman rumbun ruwan da ya kamata a gina take nunawa.

Wani Baturen Ingila, Hurst, ya shafe shekaru a Masar yana bin ma'aunin kogin Nilu, har da na tsibirin Rauda a Alƙahira da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutawa. A 1951 ya nuna cewa kogi ba ya tafiya kamar jefa kwabo: shekarun cika a jere suke zuwa, na ƙaranci ma haka. Da sa'a ce zalla, lambar da yake aunawa za ta tsaya a 0.5, shi kuwa ya same ta wajen 0.7. Daga baya masanin lissafi Mandelbrot ya raɗa wa wannan hali sunan Annabi Yusuf, alaihis salam, saboda shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari. Shi ne kuma a 1963 ya bi farashin auduga, ya ga yana yin tsallen da masana suka ɗauka ba ya yiwuwa. Yau da irin wannan lissafi ake auna kasuwar hannun jari da cunkoson intanet. Ku da kuke bakin kogin Haɗeja, ƙasa da Tiga da Challawa, kuka sha ambaliyar 2022, ai kun fi kowa sanin ruwa ba ya zuwa shi kaɗai.

Da na karanta zancen audugar nan, kakana na tuna, ƙanin kakanka. Da ƙafa ya baro ƙauyenku da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin noman auduga a nan Sudan, ya shiga tsinkar auduga. Ya tarar da mutanen Mai Wurno, waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka riƙe shi. Yana da wani littafi mai bangon fata da yake rubuta kuɗin auduga na kowace kaka da ajami. Ina yaro nakan ɗauko masa shi daga ƙarƙashin buzu. A can na fara ganin lambobi a jere.

Maganar aure kuwa, gaskiya ne, matata Balarabiya ce. Danginta sun ja ni shekara biyu, ana cewa "Bafallace ne", don nan kowa daga yamma Fallata ne ko Takari. Ka ga a nan mu baƙi ne bayan shekara ɗari, a wurinku kuma mun zama Larabawa. Yau ita ke kaɗa miyar kuka, kuma duk Sudan ba wanda bai san agashe namu ne ba. Ba zan ɓoye maka ba, yarana in na yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa, abin yana damuna ƙwarai. Amma kakana har ya rasu "gomiya uku" yake cewa, ku kuma a Jigawa talatin da arba'in da hamsin kuke ƙirgawa, kalmomin surukaina. Ƙaramar 'yata na koya mata gomiyar, ta riƙe.

Ga roƙona, Baffa. Ka sa wani yaro ya auna mini tsawon shatin ruwan da ke jikin bangon masallacinku, ka kuma tambayi tsofaffi shekarun da kogi ya shigo gari, ko da da sunan abin da ya faru a shekarar ne. A gaishe mini da Inna da mutanen gida.