Amsa kan sayen sandar fatsa da injin naɗe zare

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Wannan amsa ce ga ƙaninmu da ya turo tambaya jiya da dare, inda ya ce aiki ya mayar da shi kusa da madatsar ruwa ta Tiga, yana sha'awar ya riƙa zuwa fatsa a ranakun hutu, kuma ya ga ana tallar sanda haɗe da injin naɗe zare da akwatin ƙugiyoyi a kuɗi ɗaya, yana tambaya ko ya saya. Ƙanena, shawarata ita ce ka dakata tukuna, domin sanda ita ce abu na ƙarshe da ake zaɓa. Kifin da kake nema shi ke nuna girman ƙugiya, kifin da yanayin ƙasan ruwan su ke nuna kaurin zare, zaren kuma shi ke nuna girman inji, sannan a nemo sandar da za ta dace da su.

Wanda zai tsaya a bakin gaɓa a Tiga, abin da zai fi cin karo da shi shi ne karfasa da tarwaɗa da kurungu, wani lokaci kuma ragon ruwa. Karfasa bakinta ƙarami ne, kuma tsattsagar abinci take yi, ba ta haɗiyewa gaba ɗaya, saboda haka ƙaramar ƙugiya take so, daga lamba 8 zuwa 12, da 'yar tana ko ƙullun dusa. A lura cewa lambobin ƙugiya a juye suke tafiya, wato lamba 12 ta fi lamba 8 ƙanƙanta, har a sauko lamba 1, daga nan sai a shiga 1/0 da 2/0 da 3/0, waɗanda su kuma ƙaruwar lambarsu ƙaruwar girma ce. Tarwaɗa tana kiwo ne a ƙasan ruwa, galibi da magariba da dare, kuma da wari take gano abinci, don haka hanjin kaza ko dunƙulen tana a kan ƙugiya lamba 1 zuwa 3/0, tare da 'yar dalma da za ta kwantar da shi ƙasa, ya wadatar. Ƙugiyoyin Mustad na ƙasar Norway sun daɗe a hannun masuntanmu, amma jabunsu ya cika kasuwa. Kafin ka biya, ka ɗora tsinin a kan farcen babban yatsanka ka ja a hankali. Idan ta kama farcen, tana da kaifi, idan kuwa ta zame, ka mayar wa mai kaya abinsa. Kurungu kuma, in ka fito da shi, ka kiyayi ƙayoyinsa uku, na gadon baya da na gefe biyu, domin kafe su yake yi, kuma sukarsu na da raɗaɗi.

Batun zare ya rataya ne a kan abin da ke ƙarƙashin ruwan. An kammala Tiga a 1974 a kan Kogin Kano, kuma kamar sauran manyan madatsu, ruwa ne ya hau kan daji da gonaki, shi ya sa ba a rasa kututture da duwatsu a ƙasa, kuma can ɗin tarwaɗa ke nufa da zarar ta ji ƙugiya. Zare iri biyu za ka tarar. Akwai na roba mai sili ɗaya, akwai kuma kitsattse wanda aka tufka daga siraran zaruruwa. Kitsattsen ya fi ƙarfi idan kaurinsu ɗaya, ba ya talewa, kuma ko taɓa ƙugiya kifi ya yi za ka ji a hannunka. Sai dai yana da tsada, dutse mai kaifi na yanke shi nan take, kuma yana iya tsaga yatsan wanda ya naɗe shi a hannu yana ja. Na roba yana talewa, talewar nan kuwa ita ke rufa wa sabon shiga asiri lokacin da kifi ya fizga ba shiri. Ni dai na roba zan zaɓar maka, mai kaurin milimita 0.30, wanda ke ɗaukar kilo biyar zuwa shida kafin ya tsinke. Idan karfasa za ka nema, sai ka ɗaura guntu mai kaurin 0.20 a ƙarshensa, domin ita tana gudun zare mai kauri, kuma in ƙugiya ta maƙale a itace, guntun ne zai tsinke, babban zaren ya tsira.

A wajen inji nake so ka fi sakin hannu. Ka ɗauki irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, mai ɗan ƙarfen da ake buɗewa kafin a yi jifa. Wanda ke zama a saman sanda, kwarkwaronsa, wato inda zare ke naɗuwa, na juyawa yayin jifa, yana buƙatar gwanintar babban yatsa, in ba haka ba zare ya cukurkuɗe maka ka wuni kana warwara. Girman inji da lamba ake rubuta shi: 1000 zuwa 2500 ƙanana ne, 3000 da 4000 matsakaita, daga 5000 zuwa sama na manyan kifaye. Lamba 4000 tana ɗaukar sama da mita 150 na zaren da na ambata, kuma ta ishe ka a kan duk abin da za ka tarar a gaɓa. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 5.2:1 a jiki, ma'anarsa kan injin zai zagaya sau biyar da ɗoriya a duk juyi ɗaya na hannunka, kuma wannan ya isa. Kada yawan boris da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, domin inji mai boris huɗu na kirki daga Shimano ko Daiwa ya fi wanda aka rubuta wa goma sha biyu alhali ba a san wanda ya ƙera shi ba.

Abin dubawa na gaske shi ne birki, wato murfin nan da ake murɗawa a saman kwarkwaro. Aikinsa shi ne ya saki zare a hankali idan jan kifi ya kusa fin ƙarfin zaren, ta yadda kifin zai yi ta gudu yana jan nauyi har ya gaji. Tun a shago ka roƙi mai kaya ya naɗa ɗan zare, ka ɗaure birkin kaɗan, ka ja da hannu. Ya kamata zaren ya fito sumul da 'yar ƙara mai bin juna. Idan ya cije sannan ya saki da fizga, to wannan fizgar ce za ta tsinke maka zare ranar da babban kifi ya kama. Ƙa'idar da aka saba ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. A gida, ka cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, wadda nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, ka ɗaura ta a zaren, ka ɗaga injin sama, ka yi ta sassauta murfin har gorar ta fara sauka a hankali. Nan ne saitinka, kuma kada zumuɗi ya sa ka ƙara ɗaure shi ana tsakiyar kokawa da kifi.

Sanda ba ta buƙatar dogon bayani. Ka nemi mai tsawon mita 2.4 zuwa 2.7, mai gaɓa biyu, wadda aka rubuta 10 zuwa 40 giram ko kusa da haka a jikinta, wato nauyin da za ta iya jefawa. Ta faiba ta fi nauyi amma tana jure wahalar bayan babur, ta kabon kuwa ba ta da nauyi amma ƙwanƙwasa kaɗan ke sa ta tsage, sannan tana ɗaukar lantarki, don haka a kwantar da ita idan hadari ya taso, a kuma kiyayi wayoyin wuta. Wadda ake zuƙewa kamar eriyar rediyo tana da daɗin ɗauka, amma yashi na shiga gaɓoɓinta su cije, kuma yawancin abin da ake haɗawa a waccan tallar irinta ce. Ka zura ɗan auduga cikin kowane zoben da zare ke bi a jikin sandar, idan ya kama zare-zaren audugar, akwai tsaga da za ta riƙa cin zarenka. Kuma gaskiya, idan karfasar gaɓa kaɗai kake so, doguwar sandar gora da guntun silifa a matsayin abin da zai taso saman ruwa suna kama ta yadda duk wata sandar kanti za ta kama.

Na san wani zai ce to giwan ruwa fa. Giwan ruwa na iya haura kilo 100, kuma ko matsakaicinta ba ta wannan kayan ba ce. Tana buƙatar inji 6000 zuwa sama, da kitsattsen zare mai ɗaukar kilo 25 ko fiye, da guntun roba mai kaurin kusan milimita ɗaya a gaba, saboda murfin kuncinta na da kaifi. Kifin tsage na Kainji da Kogin Kwara da Binuwai kuwa haƙoransa datse roba suke yi, sai an sa masa waya mai tsawon kamu ɗaya. Wannan sayayya ce ta daban, a bar ta sai hannu ya faɗa.

Kafin ka jefa ƙugiyar farko, ka je ka gaida Sarkin Ruwa na wurin, ka tambayi inda aka shimfiɗa kalli da mamari, wato ragar masunta da dogon zarensu mai tarin ƙugiyoyi, domin zarenka ya sarƙe da kayan mai neman abincin iyalinsa ba ƙaramar rigima ba ce, kuma su ne za su nuna maka inda kututture yake. Idan ka dawo gida, ka sassauta birkin gaba ɗaya, ka goge injin ka sa shi cikin jaka saboda ƙurar hunturu, zaren roba kuma kada ka bar shi a rana ko a cikin mota, domin zafi na busar da shi, kuma ko bai nuna alama ba ka canza shi duk shekara. Idan ka je kasuwa, ka turo mana hoton rubutun da ke jikin injin da sandar kafin ka biya, mu duba tare. Wassalamu alaikum.