Tambaya da amsa: Ko noman auduga ne ke kashe min gona, kuma ta yaya zan auna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina da gonar auduga a wajen Gwarzo da yara ke kula min da ita. Kamfanin da ke son sayen audugar ya ce sai na kawo shaidar cewa noman ba ya cutar da muhalli. Na kuma karanta cewa riga ɗaya tana cin ruwa lita 2,700. Ga amfanin gonar sai raguwa yake, alhali kullum ƙara feshi muke. Hankalina ya tashi. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo min takardar shaida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Batun ruwa kada ya hana ka barci. Wannan lissafi ya haɗa da ƙasashen da ke noman auduga da ban-ruwa, irin Uzbekistan, inda aka karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonaki tun shekarun 1960 har mafi yawan tafkin Aral ya ƙafe. Taka audugar damina ce, ba ta taɓa kogi ko rijiyar kowa ba. Masu awo ma suna raba ruwan sama daban da ruwan da aka ɗebo.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne cewar da ka yi kullum ƙara feshi kuke. Nan ciwon yake. Kusan kowace rana sai na haɗu da manomin da ya yi imani cewa maganin da ya fi wari, wanda ke zubar da duk wani ƙwaro a take, shi ne mai kyau, kuma in an haɗa kala biyu ko uku a tanki ɗaya ya fi ƙarfi. Wa ya koya masa? Mai shago ko mai tallar magani a kasuwar ƙauye, wanda ko rubutun jikin kwalbar bai iya karantawa ba, burinsa kawai kaya su ƙare. Wallahi wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya. Gonar auduga cike take da gizo-gizo da zanzaro da wasu ƙananan ƙwari da ke cinye ƙwan tsutsa da darɓa ba tare da ka biya su ko kwabo ba. In ka yi feshin kan mai uwa da wabi tun shuka tana ƙarama, su ne ke fara mutuwa. Tsutsar da ta tsira kuwa ita ce mai jure maganin, ita za ta hayayyafa, ga babu mai cin ta. Sai darɓa da farin ƙuda su yi yawa, sai a koma shago, mai shago ya ce a ninka awo. Haka ake ta yi har kuɗin magani ya cinye riba, ƙudan zuma su ƙaurace wa gonar, ruwan sama ya wanke saura zuwa fadama inda dabbobi ke sha.

Ko irin auduga na Bt, wato wanda aka sauya wa halitta don ya riƙa kashe tsutsa da kansa, da aka amince da shi a Najeriya a 2018, bai kuɓutar da kowa daga wannan ba. Tsutsar da ke huda 'ya'yan auduga yake kashewa, ba ruwansa da masu tsotsar ganye. A Indiya ma jar tsutsa ta riga ta saba da shi. Kuma har yau ana samun masu neman endosulfan, maganin da aka sa cikin jerin haramtattu a yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba tun 2011.

To, awo. Littafi za ka saya wa yaranka, daga nan ake farawa. Duk feshi a rubuta rana, sunan sinadarin da ke cikin maganin ba sunan kasuwa ba, yawan da aka zuba, da faɗin wurin da aka fesa. In kwalba ta ce 2.5 EC, kowace lita tana ɗauke da giram 25 na sinadarin, da shi ake lissafi a kan hekta. A rubuta launin layin da ke gindin kwalbar: ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Taki ma haka. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, wajen kashi 1 cikin 100 nasa kan tashi ya zama iskar da ta ninka hayaƙin kabon wajen sau 270 a ɗumama duniya. Ka ɗebi ƙasa daga wurare da dama na gonar ka kai gwaji Jami'ar Bayero ko cibiyar binciken noma ta Samaru, ka maimaita bayan shekara biyu ko uku. A ƙarshe ka raba komai da nauyin audugar da ka girba.

Raguwar amfani ba ta rasa nasaba da auduga bayan auduga a wuri ɗaya. Ka sa waken suya ko wake a tsakani, a zuba takin gargajiya, a tuge itatuwan audugar bayan tsinka don kada tsutsa ta yi rani a ciki.

Mai takarda kuwa, ka rabu da shi. Shirye-shiryen ba da shaidar noman auduga irin su Better Cotton da Cotton made in Africa masu bincike suke turawa gona, kuma wannan littafin za su fara nema. Ka tambayi kamfanin wane tsari yake bi, domin na biyun bai yarda da irin Bt ba.

Sannan ka ji tsoron Allah game da yaron da ke goya tankin feshi, Alhaji. Kana shago a Kwari, shi yana can ba safar hannu ba takunkumi, yana busa bakin famfo in ya toshe. Haƙƙinsa yana wuyanka. Kafin damina ta faɗi ka saya masa kayan kariya, ka hana a zuba ruwan sha ko mai a jarkar magani, kuma kada a sake feshi sai malamin gona ya zaga ya ƙirga tsutsa ya ce lokaci ya yi.