Amsa ga malamar da makaranta ta yi wa shiru bayan ta karɓi aiki a ƙasar waje

Malama, sannu da haƙuri. Na karanta bayaninki: kin karɓi aikin koyarwa a wata makaranta a ƙasar waje tun Fabrairu, za ki fara a Agusta, ga shi Mayu ya kama babu labarin biza, babu na masauki, babu na tikiti, imel ɗinki kuma sai ya kwana biyu ba a tanka ba. Kina tambaya ko ki ci gaba da jira ko ki janye, kuma ko lokaci ya yi da za ki ajiye aikin da kike kai.

Na ga wasu sun riga sun ce miki Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ki kama gabanki kawai. Ni ban bi su a kan wannan ba. Na koyar a irin waɗannan makarantu a ƙasashen Larabawa da gabashin Asiya, kuma makarantar da ta fi kula da ni bayan na sauka tana cikin waɗanda suka fi yi mini shiru kafin na tashi. Wata kuma da ta cika mini akwati da saƙonnin maraba da hotunan ɗakin karatu, sai da na isa na tarar ba a ma shigar da neman izinin aikina ba. Saboda haka kada ki auna su da yawan saƙonni. Ki auna su da abu biyu: wace takarda suka ba ki, wace takarda suka nema daga gare ki.

Bari in fara da abin da ke faruwa a can ɓangarensu, don ya rage miki zullumi. Ɗaukar malamai a makarantun ƙasa da ƙasa yakan yi zafi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu ko Maris. A lokacin shugaban makaranta ne da kansa yake binki, yana amsa saƙo cikin dare, domin yana tsoron kada wata makarantar ta riga shi. Ranar da kika ce kin yarda, aikinsa a kanki ya ƙare. Fayil ɗinki ya koma sashen kula da ma'aikata, inda sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da takardun duk sababbin malamai, da na masu barin aiki, da sabunta izinin zaman waɗanda ke nan. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni kuma jarabawar IB da ta Cambridge, wato manyan jarabawoyin ƙasa da ƙasa da ɗaliban sakandare ke zaunawa, sun sha kan kowa. Gidan da za a ba ki wataƙila har yanzu malamin da za ki gada yana ciki, ba zai fita ba sai an rufe makaranta. Jadawalin darussa ba ya tabbata sai an ga yawan ɗaliban da suka yi rajista. Ga bambancin kwanakin hutu: a Saudiyya da Ƙatar da Kuwait Juma'a da Asabar ne ƙarshen mako, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa (ƙasar da Dubai ke ciki) kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022. Imel ɗin da kika tura yammacin Alhamis zuwa Doha zai iya kwana uku kafin a buɗe shi ba tare da wani ya yi laifi ba.

Akwai ma takardun da ba za a iya nemansu da wuri ba ko an so. Izinin shiga Daular Larabawa don aiki kwana 60 ne wa'adinsa, don haka babu mai nema miki shi a Maris alhali sai Agusta za ki tafi. Shirun da ya shafi tikiti, masauki da ajin da za ki ɗauka, a watan Mayu, bai isa ya hana ki barci ba.

Shirun da ba na yi wa uzuri shi ne wanda ya shafi kwantiragi da jerin takardun da za ki tanada. Nan ne zan daɗe, don nan ne mutane ke faɗawa rami. Ba ki ambaci ko kin sa hannu a kwantiragi ba. Kin ce dai kin amsa musu da imel. Imel ɗin tayi daban, kwantiragi daban. Abin da kike buƙata shi ne takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu, wadda ta ambaci albashi da irin kuɗin da za a biya shi da shi, ranar fara aiki, tsawon wa'adi (yawanci shekara 2 ne a karon farko), masauki ko kuɗinsa, tikiti, inshorar lafiya, da sharuɗɗan rabuwa. Makarantar da ta yi wata uku ba ta iya aiko da wannan ba, ba yawan aiki ne ya hana ta ba, domin takardar tana nan a kwamfutarsu, suna kawai za a canza.

Jerin takardu kuma lokaci ne da shi, kuma agogon a kanki yake bugawa. Kusan ko'ina za a nemi shaidar digiri, shaidar koyarwa, da takardar 'yan sanda da ke nuna ba ki da tarihin laifi, kuma sai an tantance su. Idan ƙasar da ta ba ki takardun da ƙasar da za ki je duk suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, hatimin tantancewa ɗaya da ake kira apostil ya wadatar. Saudiyya ta shiga a ƙarshen 2022, Sin ta bi a Nuwamban 2023. Daular Larabawa ba ta ciki, don haka sai an bi doguwar hanya: ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar da ta bayar da takardar, sannan ofishin jakadancinsu, sannan a sake bugawa idan an isa. Wannan yakan ci makonni, wani lokaci watanni. Takardar 'yan sanda kuwa wurare da yawa ba sa karɓarta idan ta wuce wata 6, wasu ma wata 3, shi ya sa ba a yin gaban kai a nemo ta tun ba a ce ba. A Sin tsarin a jere yake: sai makaranta ta karɓi takardunki ta nemo takardar sanarwar izinin aiki, da ita za ki nemi biza mai alamar Z, bayan kin shiga kuma kina da kwana 30 ki mayar da ita izinin zama. Idan mataki na farko bai motsa ba a Mayu, Agusta ta fara yin nisa.

To yaya za ki tayar da su? Ki daina tura saƙon "ina fatan kuna lafiya, ko akwai wani labari?" Irin wannan saƙon ba ya tilasta wa kowa komai, mai karantawa zai ce bari in samu lokaci. Ki rubuta gajeren saƙo mai buƙata ɗaya ko biyu, da rana, da dalili. Misali: ina buƙatar kwantiragin da aka sa wa hannu da jerin takardun da zan tantance kafin ranar kaza, domin a ranar ce wa'adin ba da notis a makarantar da nake ke cika. Ki tura wa ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinki, ki sa shugaban da ya yi miki tambayoyin ɗaukar aiki a cikin masu karɓar kwafi. Ba ƙara kika kai ba. Shi ne zai tsaya gaban iyaye a Agusta idan aji babu malami, don haka ya fi kowa son ya sani. Idan mako ya wuce, ki kira lambar makarantar da ke shafinsu a lokacin aikinsu, ba naki ba. Mutane da yawa da ba sa amsa imel suna ɗaga waya, wasu kuma a WhatsApp suke rayuwa, a Sin kuwa WeChat. Duk abin da aka faɗa miki da baki, ki bi shi da imel a ranar: kamar yadda muka yi magana yau, kun ce kaza zai iso ranar kaza.

Sai ki nemi a haɗa ki da wani malami da ke koyarwa a can yanzu, musamman wanda ya zo bara. Wannan buƙatar ita kanta gwaji ce. Makarantar kirki takan yi murna da ita. Idan kun haɗu, tambayoyi uku sun ishe ki: yaushe bizarka ta fito, ana biyan albashi a ranarsa, kuma malamai nawa ne ke tafiya bana. Idan ta hannun kamfanin ɗaukar malamai kika samu aikin, irin su Search Associates ko Schrole, ki sa su a maganar, don makarantu ba sa son ɓata da su. Ki duba kuma ko makarantar tana cikin jerin hukumar da ta ce ta tantance ta, CIS ce ko COBIS (ƙungiyoyin da ke duba ingancin makarantun ƙasa da ƙasa) ko IB, a shafin hukumar, ba a nata shafin ba. Shafukan da malamai ke rubuta ƙorafi a kansu suna da amfani, amma a karanta da lura: wanda ya ji daɗi ba kasafai yake zama ya rubuta ba. Ƙorafi ɗaya da ya maimaitu daga mutane daban daban cikin shekaru, shi ne abin ɗauka.

Maganar ajiye aiki, ra'ayina a fili yake: kada ki miƙa takarda sai kwantiragi mai sa hannu ya shigo hannunki kuma an fara maganar takardun biza da gaske. Idan wa'adin notis ya matso, ki faɗa musu ranar ƙarara. Ban taɓa ganin makarantar da ke son malami da gaske ta bar irin wannan ranar ta wuce ba.

Akwai abubuwan da idan suka haɗu da shirun, ni kam ba zan ƙara jira ba. A ce ki tura kuɗi don a yi miki biza ko a riƙe miki gurbi. A Daular Larabawa dokar ƙwadago ta 2021 ta hana mai ɗaukar aiki ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa, kuma wannan ita ce sananniyar hanyar 'yan damfara masu aron sunan makarantu na gaske. A ce ki shigo da bizar yawon buɗe ido ki fara shiga aji, za a gyara daga baya. A Sin wannan kan kai ga tara da tsarewa da kora, kuma malamin ne ke ɗanɗanawa. Albashi ko muƙami ya canza tsakanin tayi da kwantiragi ba tare da bayani ba. Ko a nemi ki aika da ainihin takardun shaidarki ko fasfo ga wani mutum da ba ki iya tabbatar da ko wane ne ba.

Idan har ta kai ga janyewa, ki yi ta da tsari, domin duniyar waɗannan makarantu ƙarama ce, shugabanninsu suna haɗuwa suna kiran juna kan malamai, kuma kamfanonin ɗaukar aiki suna ɗaukar amsa tayi a matsayin alkawari ko da ba a sa hannu ba. Ki ba su rana ta ƙarshe a rubuce. Idan ta wuce, ki rubuta layi kaɗan ba tare da zafi ba: na karɓi tayi ranar kaza, na nemi kwantiragi a ranaku kaza da kaza, bai iso ba, don haka na janye. Ki aika wa kamfanin da ya haɗa ku kwafi tare da saƙonnin da kika riƙa turawa. Guraben da ke buɗewa a Mayu da Yuni ba su kai na Janairu yawa ba, amma suna fitowa kowace shekara saboda wasu malaman kan fasa a ƙurarren lokaci, kuma idan kin riga kin fara tantance digirinki za ki riga yawancin masu nema shiri.